Kiwon Murjani a Garin da Babu Teku

Daga Dei-Dei ta Abuja zuwa bakin teku tafiyar wuni guda ce a mota, kuma ko mutum ya isa Legas ba zai tarar da tsaunin murjani ba. Kogin Kwara da 'yan'uwansa suna juye laka da ruwan daɗi a gaɓarmu, shi kuwa murjani ruwa garau yake so, mai gishiri daidai wa daida. Saboda haka duk wanda ya ce zai raya shi a falonsa a Abuja, ya ɗauko aikin haɗa teku da hannunsa. Wanda ya iya wannan ya cancanci a sara masa.

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani, amma a wuyan amarya ya san shi, jan dutsen adon nan da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum. Alhazan da suka bi ta Sawakin a Sudan, ko tsohon garin Jidda, sun ga gidajen da aka gina da dutsen murjanin Bahar Maliya. Duka wannan ƙashi ne. Mai ran dabba ce ƙarama, mai baki ɗaya da 'yan yatsu kewaye da shi, tana zaune cikin taron dubbai a manne da dutse. A cikin naman jikinta akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa haske ta samar wa dabbar yawancin abincinta. Shi ya sa fitilar LED mai shuɗin haske da ake ɗora wa tankin murjani ba kwalliya ba ce. Awa takwas zuwa goma take ci kullum, kuma ita ce tukunyar gidan.

Tankin kansa shi ne mafi sauƙi. A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei akwai masu yanka gilashi da za su fitar da shi a awon da aka ba su. Abu biyu gwani ke tsayawa a kai. Na farko gam ɗin silikon: wanda ake liƙe banɗaki da shi yana ɗauke da maganin hana fumfuna, kuma wannan maganin guba ne a cikin tanki. Na biyu nauyi. Tanki mai lita 200, da duwatsu da yashi, ya haura kilo 250, don haka teburin kafinta na ajiye talabijin ba zai ɗauka ba. Sabon shiga yakan so ƙaramin tanki wai don ya koya. Ni a ganina ya zaɓi mai wuyar ke nan, domin ruwa kaɗan nan da nan yake zafi, nan da nan yake ɓaci.

Ainihin sana'ar a ruwan take. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma an sa masa kulorin, na burtsatse kuma kowace rijiya da irin ma'adinan da ta kwaso. Dole a fara tace shi da na'urar RO har ya zama babu komai a cikinsa, sannan a zuba gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki, mai ɗauke da kalsiyam da maganiziyam. Gishirin miya ba ya yi, balle manda ko kanwa. Ana neman giram 35 na gishiri a kowace lita, abin da ma'aunin gishiri ke nunawa da 1.025 ko 1.026. Kuma kada jan ƙarfe ya kusanci ruwan, ko guntun waya ne, ko maganin kifi mai ɗauke da shi. Ɗan kaɗan ya isa ya kashe murjanin.

Daga nan sai jira, kuma a nan ake bambanta gwani da mai ɗoki. Ana jera duwatsu masu ramuka, a kunna famfon da ke kaɗa ruwa, a bar tankin fayau mako huɗu zuwa shida. A lokacin ne ƙwayoyin bakteriya ke kama duwatsun, su riƙa mayar da amoniya, wato gubar da ke fita daga kashi da ruɓaɓɓen abinci, zuwa abin da ba ya kisa. Ana gwada ruwan da 'yan kwalabe masu canza launi har amoniya ta koma sifili. Tankin zai yi muni a wannan tsakanin, wata ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe yashin, baƙi su yi ta tambaya ina kifin. Wannan dabara ta dogaro da dutse mai rai masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus ne suka daidaita ta a shekarun 1970, kuma har yau a kanta ake.

Murjanin farko ya zama mai taushi, marar ƙashi. Discosoma, mai kama da laimar kwaɗi, yana jure ƙarancin haske. Sarcophyton kauri gare shi kamar fata. Wani lokaci yakan rufe kwana biyu-uku yana saɓa, mai shi ya ɗauka ya mutu, alhali lafiya lau yake. Xenia tana buɗe yatsu tana rufewa ba hutawa, abin kallo ne ga yara, sai dai in ta samu wuri mamaye tankin take yi. Zoanthus da Palythoa sun fi kowa launi, amma wasunsu na ɗauke da dafi mai tsananin haɗari, don haka ba a taɓa su sai da safar hannu da tabarau, ba a kuma tafasa dutsen da suka zauna a kai. Acropora mai rassa, wanda ake gani a hotuna, a bar shi tukuna. Ban da wuyar reno, shi da sauran masu ƙashi ba sa ƙetare iyakar ƙasa sai da takardar izinin yarjejeniyar CITES.

Litattafan Turawa hita suke fara lissafawa cikin kayan aiki. Mu a nan zafi ne abokin gaba. Murjani na son digiri 24 zuwa 26, ga shi a Maris da Afrilu zafin Abuja kan wuce 35. In ruwan ya daɗe sama da 30, dabbar takan kori gansakukar jikinta ta yi fari fat, ciwon da ya yi wa babban tsaunin murjanin Ostireliya ɓarna a 2016 da 2017. Maganin shi ne fanka da ke hura saman ruwan, ɗaki mai sanyi, ko na'urar sanyaya ruwa ga mai hali. Sannan wuta. In aka ɗauke ta famfo ya tsaya, cikin 'yan awoyi iskar cikin ruwan ta ƙare. Gwani a Dei-Dei kafin ya sayi murjani ko ɗaya ya riga ya ɗora famfonsa a kan inbata da sola. Fitila na iya kwana biyu a kashe, famfo ba zai iya ba.

Hunturu kuma da nasa salon. Busasshiyar iska na shanye ruwan tankin kullum, gishirin kuwa ba ya tafiya, kamar miyar da aka bari a kan wuta. Don haka da tataccen ruwa zalla ake cikawa, kaɗan-kaɗan, a kan layin da aka zana a jikin gilashin. Ruwan gishiri sai ranar canji, kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu.

Bayan wata shida ko shekara, in komai ya zauna, mai tankin kan ɗauki sabuwar reza ya yanko gefen Sarcophyton, ya ɗaure guntun a ɗan dutse da zare ko roba. Cikin makonni ya manne ya zama sabon murjani, uwar kuma ta warke. Ta haka masu kiwon ke musayar iri a tsakaninsu, kuma yawancin masu taushin da ke yawo a tankunan duniya yau an daɗe ana yaɗa su daga gilashi zuwa gilashi.