Littafin Goulson kan ƙudan bambulbi: a gaishe da gwani

Kai jama'a, wannan littafi ya ciri tuta! A Sting in the Tale na Farfesa Dave Goulson na Jami'ar Sussex da ke Ingila ya fito a 2013 da Turanci, kuma daga farko har ƙarshe zancen ƙwaro guda yake yi: bambulbi, wani ɗan'uwan ƙudan zuma, ƙato, jiki duk gashi, yawanci baƙi da ratsin rawaya. Ƙwaron ƙasashen sanyi ne, ba mu da shi a wannan yanki namu na Afirka. Duk da haka, wallahi kafin ka kai rabin littafin sai ka ji kana marmarin ganinsa ido da ido.

Abin da ya fara saye zuciyata shi ne mutumin ba ya ɓoye wautar ƙuruciyarsa. Yana yaro ya tsinci wasu bambulbi da ruwan sama ya jiƙe, tausayi ya kama shi, ya ɗora su a kan murhun lantarki don su bushe, suka ƙone. Wannan yaron ne ya girma ya kafa ƙungiyar Bumblebee Conservation Trust a 2006 don kare su. Ikon Allah!

Inda littafin ya fi daɗi shi ne labarin sarauniya. Ita kaɗai ke ƙetare hunturu, tana barci a cikin ƙasa. Sanyi na ja da baya sai ta fito da yunwa, ta shiga neman masauki, galibi tsohon ramin ɓera. Can za ta ƙera 'yar tukunya da kaki ta cika ta da ruwan zaƙin fure, ta dunƙula garin fure ta saka ƙwai a kai, sannan ta kwanta a kansu kamar kaza mai kwanci, tana karkaɗa tsokar ƙirjinta don ta ba su ɗumi, tana kurɓa daga tukunyar. Ƙwaro fa ake magana! Da wannan karkarwar ne ma bambulbi suke ɗumama jiki zuwa wajen digiri 30 kafin su iya tashi, shi ya sa suke fita kiwo cikin sanyin da ke hana ƙudan zuma leƙowa. Amma kuzarin da hakan ke ci ba kaɗan ba ne: Goulson ya nuna cewa ko cikinta a cike yake, kimanin minti 40 na tashi ya isa ya ƙarar da shi.

Sai kuma batun warin ƙafa, wanda ya ba ni dariya har da hawaye. Duk furen da bambulbi ta sauka a kai tana barin wani wari, 'yar'uwarta na zuwa ta shinshina ta gane an riga ta, ta wuce gaba ba ɓata lokaci. Akwai labarin karnukan da aka horar su riƙa gano gidajen ƙwarin, akwai na tumatir da ba ya sakin garin furensa sosai sai an girgiza shi, abin da ya sa ake kiwon bambulbi ana sayar wa manoma a Turai. Akwai kuma na wani jinsi da aka yi wa ganin ƙarshe a Ingila a 1988, alhali jikokinsa na nan a New Zealand, inda aka kai kakanninsu a jirgin ruwa a ƙarshen ƙarni na 19.

Wanda ya fahimci wannan rayuwa tsoron gidan bambulbi zai fita daga ransa. Gidan ba ya shekara. 'Yan watanni ne, ma'aikata, wato 'ya'yan sarauniyar, ba su cika wuce 400 ba, da an haifi sababbin sarauniyoyi sai tsohuwar da ma'aikatan su mutu. Saboda haka shawarar ƙungiyar da Goulson ya kafa ga Baturen da ya tsinci gida a ƙarƙashin ɗakin ajiya ko cikin akwatin tsuntsaye ita ce ya ƙyale shi. Kada a toshe ƙofar, kada a jijjiga wurin, kada a kai fuska ana huci a kai, a janye yara da dabbobi. Namijin ba shi da ƙari sam. Macen na iya harbi fiye da sau ɗaya, amma sai an matsa mata, kuma takan ɗaga ƙafar tsakiya tukuna alamar a ja baya. Wanda aka harba ya ji numfashi na sarƙewa ko fuska ta kumbura, asibiti kawai, ba jira.

Sai dai a yi hattara, kada wani ya ɗauki wannan haƙuri ya kai wa zumar da ta tare a silin ɗinsa a Kano ko Maraɗi. Tamu mafaɗaciya ce, dubbai ne a gida ɗaya, kuma ba ta watsewa don damina ta wuce. Wannan aikin masu amya ne, su za a kira, ba a kama fesa fiya-fiya ko cinna wuta ba.

Ƙorafina ɗaya: littafin ya ƙare ban ƙoshi ba. Ɗalibai, malaman gona da duk mai jin Turanci, ku neme shi. Masu fassara kuma, don Allah a taimaka a juyo mana shi zuwa Hausa.