Alli da Jan Biro: Gwanintar Malamin Turanci a Ƙasar Rabah

Kafin a kira shi Sardauna, kafin ya zama Firimiya, Ahmadu Bello malamin aji ne. An haife shi a Rabah a 1910, ya tafi Kwalejin Katsina a 1926, ya dawo a 1931 ya kama alli a makarantar Midil ta Sakkwato, inda Turanci ke cikin darussan da ya koyar har 1934, shekarar da aka naɗa shi Sarkin Rabah. Kwalejin nan ta yi suna wajen horar da baki da kunne a kan Turanci. Daga can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da muryar da duniya ta yi ta yabo, daga can kuma Abubakar Imam ya fito ya koyar a Midil ta Katsina kafin aikin littattafai ya ja shi Zariya. Don haka in an ce koyar da Turanci sana'a ce mai asali a wannan yanki, ba fadanci aka yi ba.

Malamin da nake son in yaba shi ne na yau, wanda ke shiga ajin babbar sakandare a Rabah ko Gandi, a Wurno ko Acida ko Goronyo. Yaran da ke gabansa ba sa jin Turanci a gida, ba sa jin sa a kasuwa, ba sa jin sa a fadama. Abin da suka samu a cikin minti arba'in na darasi, galibi shi ke nan. Amma ranar jarrabawar WAEC ko NECO, takarda ɗaya za a miƙa musu da ɗan Legas wanda da Turanci ya buɗe baki. Wanda bai sami kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi, mai son karatun lauya kuwa sai ya haɗa da kiredit a Adabin Turanci.

Gwanin malami da murya yake farawa. Littafi ba ya isar kowa, wani lokaci guda ɗaya ne a benci, wani lokaci na hannun malam ne kaɗai. Sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi, yana sauya murya daga bakin wannan tauraro zuwa na wancan, yana dakatawa daidai inda rai ke son jin ci gaba. Yaran nan sun fito daga makarantar allo, sun san biya karatu, sun san hadda, kunnensu a horar yake. Malamin kirki ba ya raina wannan gado, da shi yake aiki. A kan furuci ma haka. Basakkwace na cewa hwari inda Bakano ke cewa fari, ga shi Turanci na neman a raba p da f da v. Za ka ga malam ya yago ɗan ƙyallen takarda ya riƙe a gaban leɓɓansa, ya furta p takardar ta yi tsalle, ya furta f ta ɗan kaɗa kawai. Kowa ya yago tasa. Aji ya cika da hura iska da dariya, amma daga ranar bambancin ya zauna.

Inda na fi ganin gwaninta shi ne wajen shigar da yaro cikin littafin da aka rubuta a duniyar da bai taɓa gani ba. A manhajar WAEC ta 2021 zuwa 2025 akwai Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, labarin wani gida a tsaunukan arewacin Ingila masu sanyi da iska. Malamin da bai ƙware ba zai fara da tarihin marubuciya, ya cika allo, yara su kwafa. Gwani kuwa sai ya rufe littafin ya ce, “Wa ya san gidan da maigida ya kawo ɗan riƙo, ya fifita shi a kan ɗan cikinsa?” Hannuwa su tashi. “To in maigidan ya rasu, ɗan gida ya gaji gida, me zai faru da ɗan riƙon?” Wata daga baya ta ce, “Malam, bawa zai mayar da shi.” Ya ce, “Madalla, ɗiyata. Sunan ɗan riƙon Heathcliff, ɗan gidan kuma Hindley. Mu buɗe.” Ba a karanta shafi ɗaya ba tukuna, amma jigon ramuwar gayya ya riga ya shiga hannunsu.

Haka yake yi da waƙar Binsey Poplars ta Gerard Manley Hopkins, wadda ya rubuta a 1879 yana kukan sare wasu itatuwa kusa da Oxford. Ɗan gabashin Sakkwato da ya ga gawo da marke suna ƙarewa a hannun masu itace da gawayi ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane abin da ke cin mawaƙin. Wasan Wole Soyinka kuwa, The Lion and the Jewel, shi da kansa yake tayar da aji: malamin ƙauye Lakunle ya ƙi biyan kuɗin auren Sidi wai shi ɗan zamani, tsohon basarake Baroka ya yi masa shigar sauri. A raba matsayi, a fito gaban allo a taka, sannan a bar maza da mata su yi musu a kan wa ya yi wauta. Sharaɗi ɗaya ne: da Turanci za a yi musun, ko da karyayye ne.

Adon harshe ma ba baƙo ba ne a nan. Ƙasar Gandi ce ta haifi Ɗan'anace, makaɗin ɗan dambe Shago, kuma duk yaron da ya taɓa jin makaɗan maza na kiran ɗan dambe da sunan namun daji ya san siffantawa tun kafin a gaya masa sunanta a boko. Aikin malam shi ne ya nuna masa cewa abin da ya sani ne, suna kawai aka sauya. Kamar dashen albasa ne a fadamar Wurno: irin ya riga ya tsiro a wani wuri, gwaninta ita ce a cire shi ba tare da an tsinke saiwa ba. Ina ganin da za a riƙa haɗa wa yaran da littattafai irin Burning Grass na Cyprian Ekwensi, labarin Fulani makiyaya da ya fito a 1962, ko The Stillborn na Zaynab Alkali na 1984, tun a ƙananan azuzuwa, da aikin ya ragu da yawa.

Sai insha'i, wanda shi ne wahalar da ba a gani. Jarrabawa na neman rubutun da bai gaza kalma 450 ba: wasiƙa, ko muƙala, ko jawabi, ko labari. Masu dubawa na auna abin da aka faɗa, da tsari, da iya zance, da tsabtar rubutu, kuma iya zance ya fi kowanne maki. Yaro mai tsoro yakan haddace buɗewar wasiƙa da wasu manyan kalmomi ya zuba su ko sun dace ko ba su dace ba. Gwanin malami yakan hana wannan tun da wuri. Yakan ce, “Kai, faɗa mini da baki, me ya faru ranar kasuwa?” Yaro ya faɗa da Hausa tiryan-tiryan. “To rubuta jimla ta farko. Wa ya yi, me ya yi, yaushe?” Gajerun jimloli, ɗaya bayan ɗaya, har sakin layi ya tashi.

Da dare kuma ga tulin littattafai da jan biro. Wanda bai san aiki ba yakan jajaye shafi gaba ɗaya, yaro ya buɗe ya ga kamar an yi yanka, ya rufe bai karanta ba. Gwani kuskure iri ɗaya yake bi a mako. Wannan makon lokutan aikatau ne kawai, mako mai zuwa aya da waƙafi, na gaba kuma lamirin da Hausa ke jawowa, inda yaro zai kira rana ko mota da lamirin mace domin haka suke a harshensa. A ƙasan shafi kuma ya rubuta abu ɗaya da yaron ya yi daidai.

Akwai wani nauyi da shekarun nan suka ƙara masa. Tsohon taken insha'in nan na “ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba”, da can labarin sallah da biki yake kawowa. Yanzu, bayan hare-haren 'yan bindiga irin na ƙasar Gandi a 2018 da na kasuwar Goronyo a 2021, yana iya kawo labarin daren da aka gudu daga ƙauye. Malamin da ya san aikinsa ba ya sa wa irin wannan takarda jan biro a karatun farko. Yakan kira mai ita gefe ya yi masa jaje, ya ce ya karanta, ya kuma ji. Sai bayan kwana biyu su zauna tare su bi jimlolin suna gyarawa, sannan yaron ya sake kwafe labarin da hannunsa a sabon shafi.