Masu Ɗaukar Saƙon Wani a Kan Iska

A farkon watan Satumba na 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu tsegunta musu labari. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun suka yi makonni babu kira, babu tes. Mai son sanar da ɗansa haihuwa ko rasuwa sai ya rubuta wasiƙa ya kai tasha, ya damƙa wa direban Sakkwato, ya koma gida yana fatan ta isa.

Akwai wasu mutane a duniya da suka mayar da wannan aiki na kai saƙon wani ya zama fanni mai ƙa'ida, kuma ina jinjina musu ƙwarai. Su ne masu rediyon sha'awa: mutanen da hukumar ƙasarsu ta ba lasisi su mallaki na'urar magana irin ta oba-oba, amma mai cin dogon zango, ba don neman kuɗi ba. Kowanne da lambar kiransa. Ta ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U. Da batirin mota, da waya guda da aka ɗaura tsakanin itatuwan dogonyaro biyu, gwaninsu zai iya jefa muryarsa sama a gajeren zango, ta dawo ƙasa a nisan ɗaruruwan kilomita, ba tare da turken kowane kamfani ba.

Tun asali kai saƙo ne tushen abin. A 1914 Hiram Percy Maxim na garin Hartford a Amurka ya kasa samun wani mai rediyo a Springfield kai tsaye, sai ya bi ta hannun wani da ke tsakaninsu. Daga nan ya kafa ƙungiyar ARRL, ta masu miƙa saƙo hannu zuwa hannu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tsare maganar mutum. Kowane saƙo yana da lamba, da matsayinsa (na ceton rai ne, ko na gaggawa, ko na tambayar lafiya, ko na yau da kullum), da tashar da ya fito, da gari, da kwanan wata. Sannan akwai ƙidayar kalmomi, wadda ake faɗa kafin a karanta saƙon. A ce wani dattijo a Maradun ya aika wa 'ya'yansa: "Kada ku taso hanya babu kyau." Kalma shida ke nan. In ƙarar iska ta cinye ta farko, mai karɓa zai rubuta "ku taso", kuma Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Amma da ya ƙirga ya ga biyar, ba zai ce ya karɓa ba. Mai aikawa zai bi harafin farko na kowace kalma har a gano wadda ta faɗi. Sunan gari kuwa harafi-harafi ake kiransa: Bakura ta zama Barabo, Alfa, Kilo, Yunifom, Romiyo, Alfa. Yawanci ba a wuce kalma 25. Kuma mai miƙawa ba ya gyara wa mai saƙo magana, ko da yana ganin ya fi shi iya tsara ta. Wannan kamun kai ba kowa ke da shi ba.

Sai dokar abin da ya halatta a ɗauka. Sashe na 25 na dokokin rediyo na ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, shi ne madogara. A da an haramta ɗaukar saƙon wani zuwa wata ƙasa sai in ƙasashen biyu sun yi yarjejeniya, domin gwamnatoci na gudun asarar kuɗin talgiram da tarho. Taron da aka yi a Janiba a 2003 ya sassauta: ana iya ɗauka a lokacin gaggawa ko agajin bala'i, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsara yadda za ta yi da nata mutanen. Amurka har yanzu tana da jerin ƙasashen da ta yi yarjejeniya da su. Gana da Gambiya da Laberiya da Saliyo suna ciki, Najeriya ba ta ciki. Saboda haka saƙon gaisuwa daga Mafara zuwa Gusau lamari ne na dokar gida da sharuɗɗan lasisi, amma daga Mafara zuwa Maraɗi ya ƙetare iyaka, ko da dangi ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba a karɓar ko sisi. Manomin shinkafa na Bakolori da ke son sanar da dillalinsa farashin buhu, gwanin zai ba shi haƙuri, don wannan ciniki ne. Ba a kuma yin zaurance don ɓoye ma'ana: duk mai rediyo, har jami'in tsaro, yana iya saurare, mai magana kuma yana ta maimaita lambar kiransa. A yankin da zargi ya yi yawa irin namu, wannan sharaɗi shi ne ke bambanta mai lasisi da mai riƙe da oba-oba a daji.

An ga amfanin horon ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da igiyar tsunami ta faɗa wa tsibiran Andaman na Indiya. Bharathi Prasad da abokan tafiyarta sun je can ne don sha'awar tuntuɓar ƙasashe masu nisa. Da layukan waya suka mutu, suka juya na'urorinsu suka shiga miƙa labarin waɗanda suka tsira ga danginsu.

Aikin ba ya ƙarewa da karɓa. Wanda saƙo ya sauka a hannunsa zai kira mai shi, ko ya taka har ƙofar gidansa. In an ce mutumin ya tashi, ko adireshin bai yi daidai ba, sai mai rediyon ya rubuta sabon saƙo mai tasa lambar, ya mayar wa tashar farko da bayanin dalilin da ya hana a kai.