Buga-da-Kanka da Jama'ar da Ke Bayansa: Adabin Kasuwar Kano Ta Fuskar Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kai a wannan takarda shi ne littattafan nan na ƙagaggun labarai waɗanda marubutansu kan buga da kuɗin aljihunsu, watau waɗanda aka fi sani da Adabin Kasuwar Kano. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu, har wani zai iya cewa me kuma ya saura. To amma galibin masu nazarin a Kano suka tsaya suka yi dubansu: wane ne marubucin, wace maɗaba'a ce ta buga, wane dillali ne ya saye. Mu kuwa so muke mu je can ƙarshen hanya, inda littafin yake yada zango bayan ya bar hannun dillali, sa'an nan mu waiwayo.

Saboda haka muka zaɓi Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina. Ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka da juna a yammacin Jihar Katsina, a bakin dajin Rugu. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, mai karatu na irin waɗannan garuruwa yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan adabi, amma adabin bai cika ba shi mazauni a cikin labari ba, mu kuma manazarta ba mu ba shi mazauni a cikin nazari ba.

2.0 Buga-da-kanka a wasu ƙasashe

Kafin mu shiga, ya kamata mu ɗan leƙa waje. A Amurka da Ingila akwai 'yan ƙananan mujallu da ake kira zin, waɗanda mutum ɗaya ko abokai kaɗan kan rubuta, su gurza, su ɗinke, su raba ta gidan waya ko hannu da hannu, ba tare da neman riba ba. Masu sha'awar labaran kimiyya ne suka fara su a shekarun 1930. A 1976 wani saurayi a Landan mai suna Mark Perry ya fito da tasa, Sniffin' Glue, da keken rubutu da alƙalami kurum. A 1982 kuma Mike Gunderloy ya fara Factsheet Five a Amurka, wadda aikinta shi ne ta jera sunayen sauran mujallun da adireshinsu, don masu yi su san juna. Wannan ta ƙarshe ita ta fi jan hankalinmu, domin ta nuna cewa mai buga-da-kanka, kome kaɗaicinsa, yana bukatar hanyar da zai isa ga 'yan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Namu ya bambanta da nasu ta wajen kuɗi. Marubucin Kano yana son jarinsa ya dawo, in da hali da 'yar riba. A gida Nijeriya kuwa, abin da aka fi kwatanta shi da shi shi ne adabin kasuwar Onica, wanda ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa Yaƙin Basasa.

3.0 Yadda abin ya faro

Shekaru da dama, hukuma ce uwar littafin boko na Hausa. Gasar 1933 ta Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East ita ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga jaridun larduna, Lardin Katsina kuwa ya sami tasa mai suna Himma. Kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. A duk wannan tsari, littafi daga Zariya yake fitowa, ya bi ta ofishin En'e ko ta makaranta, ya isa ƙauye. Mutumin Ruma karɓa kurum yake yi. Ba a tambayarsa me yake so ya karanta.

Sai dai kada mu manta da ajami. Tun kafin boko malamai suna kwafar waƙoƙin wa'azi da na bege da hannu, ɗalibi ya ara wajen ɗalibi. Daga baya 'yan kasuwar Kano suka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannun suna bugawa, ana kasawa a ƙofar masallaci da ranar kasuwa. Ashe ke nan tabarmar mai littattafai ta riga littafin soyayya zuwa kasuwar ƙauye. Hanyar a share take.

Abubuwa biyu suka haɗu a shekarun 1980. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya yaye dubban yara masu iya karanta Hausar boko, har da 'yan mata. Sa'an nan tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta masu tabbacin ciniki. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Cikin wannan giɓi ne Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Daga nan sai ambaliya.

Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa wa wannan adabi sunan da ya bi shi, a jaridar Nasiha, kuma ba don yabo ya raɗa ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. Muhawarar ta yi zafi a ƙarshen shekarun 1990 a shafin adabi na New Nigerian wanda Ibrahim Sheme yake shiryawa. Abin lura, wanda ya raɗa sunan da wanda ya buɗe fagen muhawarar duk 'yan Jihar Katsina ne. Haka nan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, wadda tana cikin marubutan da mata suka fi rububin littattafansu. Duk da haka sunan Kano kaɗai ya zauna.

4.0 Shafukan da muke tsallakewa

In mai nazari ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan littattafai, yakan wuce kai tsaye zuwa babi na ɗaya, ya nemi jigo da zubi da salo, kamar yadda aka koya mana muka kuma koyar. A ganinmu nan ne muka yi asara. Shafukan farko da na ƙarshe, watau sadaukarwa da godiya da tukwici da jinjina, su ne rajistar jama'ar da ta haifi littafin. A ciki za a ga wanda ya ba da rancen kuɗin takarda, da wanda ya buga rubutun da keke, da wanda ya duba kurakurai, da miji ko uba da ya ba da izini, da ƙawayen makaranta, da masu karatu da suka aiko wasiƙa, kowa da sunan garinsu. Wani lokaci shafi biyu ko uku cur. Mun sha jin malami yana yi wa wannan dariya, wai neman cika takarda ne. Mu dai muna ganin marubucin bashi yake biya, a bainar jama'a.

Ƙungiyoyin marubuta ma a waɗannan shafuka suke rayuwa. Raina Kama, wadda Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat suke cikin jiga-jiganta, takan sa tambarinta a littattafan 'ya'yanta, ta jera sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya, don mai karanta ɗaya ya nemi saura. Wannan shi ne aikin da Gunderloy ya yi da mujalla guda, su kuwa suka yi shi a bangon littafi, ba tare da sun san da shi ba. Sunayen kansu magana ne: Raina Kama, sai ka ga gayya, Kukan Kurciya kuwa jawabi ne. Da masu sukarsu suke.

Haka kuma raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. An soki wannan da cewa haɗama ce. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, domin wasu sun ja labarin da bai kai ba har ya tsinke. To amma a duba ta fuskar jari: cinikin na ɗaya shi yake biyan takardar na biyu. Ma'ana, mai saye shi ne mai zuba jari. In bai saya ba, labari ya mutu a tsakiya, an bar yarinya a bakin rijiya har abada. Ba mu san wani tsarin ɗab'i da ya ba mai karatu iko irin wannan a ƙasar Hausa kafin nan ba.

A nan Batsari da Safana suke shigowa. Littafi yakan bar Kano a ɗaure cikin kwali, ya sauka a Katsina ko wani babban gari, ɗan koli ya ɗebi kaɗan ya bi kasuwannin mako da su. A ƙauye ba kowa yake saye ba. Akwai haya, a biya 'yan kuɗi a karanta a dawo. Akwai aro, daga ɗakin amarya zuwa ɗakin maƙwabciya, daga akwatin 'yar makarantar kwana zuwa na ƙawarta. Akwai kuma karatu a bayyane, yarinyar da ta yi firamare tana karanta wa matan gida waɗanda ba su yi ba. Kwafi ɗaya sai ya ratsa hannuwa da kunnuwa masu yawa har bangonsa ya rabu da shi. Saboda haka duk wanda ya auna wannan adabi da yawan kwafin da dillalan Kano suka sayar, ya auna bakin tulu ne ya bar cikinsa.

5.0 Ƙauye a cikin labari

Yanzu sai mu juya ga sukar da muke da ita. Me wannan mai karatu take gani game da kanta in ta buɗe littafin?

Mu ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, na 1990, wanda a ganinmu yana cikin mafiya ƙarfi. An cire Abu daga makaranta, an aurar da ita dole ga Sarkin Noma, ta gudu birni, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Littafin ya faɗi gaskiya mai ɗaci game da auren dole, kuma babu shakka 'yan matan karkara da yawa sun ga kansu a cikin Abu. To amma a lura da taswirar labarin: ƙauye wurin ciwo ne, birni wurin magani. In Da So Da Ƙauna kuwa rikicinsa tsakanin 'yar masu kuɗi ne, Sumayya, da saurayinta talaka, Muhammad. Waɗanda suka biyo baya, galibinsu, sai suka ɗauki gidan bene da mota da Alhaji suka mai da su kayan aikin kowane labari. Manomi, in ya fito, ko dai tsohon da ake gudu ne, ko abin dariya. Makiyayi kuwa da kyar ake ganinsa, sai fa in ana son kyakkyawar Bafillatana da ɗan birni zai tsinto.

Ba mu ce marubuci ya daina rubuta abin da ya sani ba, ba mu kuma raina mafarki ba. Matar da ta wuni a kan turmi tana da haƙƙin ta karanta labarin gidan da ba a daka. Abin da muke cewa shi ne, adabin da ya yi alfahari da cewa na talakawa ne, ya kuɓuce daga hannun hukuma da jami'a, ya sake gina wata Zariyar a Kano. Birni yana rubutawa, karkara tana karantawa. Shekara da shekaru ana takaddamar gona da burtali a bakin dajin Rugu, amma ba shi ne abin da kasuwar ta saba saye ba.

6.0 Da hanya ta yanke

Kasuwar takarda ta ja baya saboda dalilai da aka sani: marubuta da yawa sun koma fim, takarda ta ƙara tsada, ga kuma matsin hukuma, kamar ƙona littattafan da aka yi a Kano a 2007 a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Rubutu ya koma waya. Yau marubuciya takan saki labarinta shafi-shafi a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad, ta ba da farko kyauta, mai son ci gaba ta biya ta banki ko da katin waya. Tsohon tsarin na ɗaya da na biyu ne ya sake riga. Alherinsa shi ne, a ƙa'ida, yarinya a Safana tana iya zama marubuciya ba tare da ta taka Kano ba.

A ƙa'ida muka ce. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, wannan kuwa ɗaya ne daga cikin hare-hare masu yawa. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a watan Satumba kuma aka katse sadarwar waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, ba a fara maidowa ba sai a watan Disamba. Ba hurumin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan matakan tsaro. Abin da ya shafe mu shi ne, kasuwar mako ita ce hanyar littafin takarda, waya ita ce hanyar sabon littafi, kuma a cikin watanni kaɗan ɗaya ta raunana ɗaya ta toshe. Littafin takarda da ke ƙasan adaka ana iya karanta shi da fitila ko babu sadarwa. Na waya kuwa, in zaure ya watse ko wayar ta ɓace wajen gudun hijira, ya tafi da shafin godiyarsa da sunayen masu karatunsa gaba ɗaya.

Akwai alamar cewa jigo yana sauyawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, labarin 'yan gudun hijira ne mai suna Sansani, na Aisha Muhammad Sabitu, ya fara cinye ta. Sai dai gasa ce ta babbar kafa, da alƙalanta da ƙa'idojinta, watau mun koma ga tsarin 1933.

Graham Furniss ya tara ɗimbin waɗannan littattafai a Landan, Abdalla Uba Adamu ya yi irin wannan aiki a Kano. Amma galibi daga kasuwa ake tara su, sababbi. Wanda muke bukata shi ne tsohon kwafi, mai maiƙo, wanda masu aro suka rubuta sunayensu da na ƙauyukansu a cikin bangonsa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, duk a maƙwabtan Safana suke, kuma cikin ɗalibansu akwai 'ya'yan matan da suka yi wannan karatu. Muna roƙon malaman Hausa da ke wannan zaure su tura su gida, su tambayi iyayensu mata wane littafi suka karanta, wa ya ara musu, nawa ne kuɗin haya, wa kuma yake karanta wa wa. In an sami kwafin, a ɗauki hoton bangon ciki tukuna, kafin a buɗe babi na ɗaya.