Mabuɗi Ɗaya, Ɗakuna Dubu

Ban ƙi hikimar tsarin shiga sau ɗaya ba: ma'aikaci ya buɗe dukkan manhajojin ofis da kalmar sirri guda, ya huta da haddace goma. Abin da nake suka shi ne mantawa da ake yi cewa amanar gidan duka ta koma hannun mai gadin zaure. A Oktoban 2023, masu kutse suka shiga sashen taimakon abokan cinikin Okta, kamfanin Amurka mai sayar da wannan tsaro, suka kai ga fayilolin abokan ciniki 134. Kamfanin ya danganta ɓarakar da ma'aikacin da ya adana kalmar sirrin aiki a asusunsa na Google. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganina, zaure ɗaya ya halatta, amma ɗakin dukiya ya riƙe nasa kwaɗon.