Ikon Zaɓen Waƙa a Rediyo: Tsakanin Tashoshin Ɗalibai da Arewacin Adar

Shirin kiɗa mai 'yancin zaɓi shi ne shirin rediyo wanda mai gabatarwa ke da cikakken iko a kan abin da zai sa wa masu saurare, ba tare da hukumar tasha ko masu talla sun tsara masa jerin waƙoƙi ba, har yana iya haɗa kiɗan gargajiya da na zamani a cikin sa'a guda. Salon ya yi ƙarfi ne a tashoshin jami'o'in Amurka, kuma doka ce ta share masa hanya, domin a 1945 hukumar sadarwar ƙasar ta keɓe zangon FM daga 88 zuwa 92 ga tashoshin ilimi waɗanda ba sa neman riba, sannan a 1948 ta halatta ƙananan tashoshi masu ƙarfin wat 10 da makaranta ke iya ɗaukar nauyinsu. Tunda babu ɗan kasuwar da za a ji tsoron ɓata wa rai, sai ɗalibai suka riƙa sa faifan da manyan tashoshi suka ƙi. Tashar WFMU, wadda aka buɗe a kwalejin Upsala a 1958, ta rungumi salon a ƙarshen shekarun 1960, kuma ta ci gaba da aiki da gudummawar masu saurare bayan kwalejin ta rufe a 1995.

A Tawa ta ƙasar Adar a Nijar kuwa, wannan 'yanci bai fito daga jami'a ba, domin jami'ar garin sai a 2010 aka kafa ta, alhali rediyo ya daɗe da zama abokin hirar Adarawa. Gidan rediyon Nijar, wanda aka buɗe a 1958 kuma daga baya aka sa masa suna Muryar Sahel, na gwamnati ne, a Yamai ake yanke shawarar abin da zai fita, ko da yake ƙungiyoyin saurare da aka soma kafawa a 1962 sun ba mutanen karkara damar a ɗauki muryarsu a watsa. Inda talaka ya sami ikon zaɓen waƙa da gaske shi ne shirin zaɓi sonka, wato shirin da mai saurare ke aiko da wasiƙa ya nemi a sa masa waƙa tare da gaisuwa ga 'yan uwa da abokai, irin wanda Rediyon Kaduna ya shahara da shi a duk ƙasar Hausa. A yankin da samari ke tafiya cin rani Abijan da Legas da Libiya, irin wannan gaisuwa ba ƙaramin abu ba ce, domin takan zama shaidar cewa ɗan gida yana nan da rai kuma bai manta da mutanensa ba. Sai dai ikon mai saurare yana da iyaka, saboda ba ya iya neman abin da bai taɓa ji ba, kuma tasha ba ta sa abin da babu shi a ma'ajiyarta. Zaɓi sonka yana ƙarfafa waƙar da ta riga ta shahara, shi kuwa shirin ɗalibai aikinsa fito da wadda ba a sani ba, kuma nan ne suka rabu.

Gwamnatin Seyni Kunce ta ba kiɗa muhimmanci ta hanyar samariya da bukukuwan matasa, kuma a 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu a Tawa, wadda aka sa wa sunan shahararren makaɗin garin, don ƙarfafa kiɗan zamani na Nijar. Gasar ta yi wa mawaƙa da yawa rana, amma zaɓin alƙalai ne da hukuma. Kiɗan jita na Abzinawa, wanda ya yaɗu a Abalak da Cintabaraden, ya rasa mazauni a rediyon gwamnati bayan rikicin Cintabaraden na watan Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya har zuwa yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995, don haka a kaset ya rayu, ana kwafarsa daga hannu zuwa hannu a ɓoye. Buɗe tashoshi masu zaman kansu bayan Taron Ƙasa na 1991, da tashoshin al'umma da suka fara da ta Bankilare a 1999, sun faɗaɗa fili sosai, amma kafin su gama kafuwa wayar salula ta iso, kuma katin memori da Bluetooth sun mai da kowane saurayi mai tsara jerin waƙoƙin kansa.

Ta wannan hanya ce kiɗan arewacin Adar ya kai ga tashoshin Amurka. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin sun bazu a wayoyi har Kidal ta ƙasar Mali, inda Christopher Kirkley ya tattara su ya fitar da ɗaya a ƙarƙashin kamfaninsa na Sahel Sounds. Manyan tashoshin kasuwanci ba su da gurbin waƙar Tamashek, harshen Abzinawa, sai irin tashoshin da suka gaji al'adar ɗalibai, kamar KEXP wadda ta samo asali daga Jami'ar Washinton a 1972, inda daga baya Mdou Moctar ya yi wasa kai tsaye. Haka kuma ƙungiyar 'yan matan Illighadad, wani ƙauye a ƙasar Abalak, ƙarƙashin jagorancin Fatou Seidi Ghali, ta fitar da faifanta na farko a 2016, fuska ɗaya jita, ɗayar kuwa doguwar ɗauka ta kiɗan tende, wato turmin da ake rufe bakinsa da fata mata su kaɗa suna waƙa da tafi. Ɗauka mai tsawo haka ba ta shiga tsarin tashar da ke yanka lokacinta don talla, kuma mai gabatarwa da aka sakar wa mara ne kawai ke iya barinta ta tafi har ƙarshe.