Abdoulaye Mamani, mawaƙin da littafinsa ya rufe

A makarantun Tawa, da an ambaci Abdoulaye Mamani sai a ce Sarraounia, littafinsa na 1980 kan sarauniyar Lugu, can ƙasar Arewa maƙwabciyar Adar. Mawaƙin kuwa an bar shi a baya, alhali da waƙa ya fara fitowa.

An haife shi a Gudumariya a 1932, ya zama ɗan majalisa na Sawaba. Bayan haramta jam'iyyar a 1959 ya yi gudun hijira har Aljeriya, kuma bai dawo ba aka buga Poémérides a Paris a 1972. Murya ce ta wanda aka raba da gida, ga fushi ga kewa. Inda fushin ya rinjaya, baiti kan koma jawabin dandali; inda kewar ta fito, nan gwanintarsa take. Abin takaici, da Faransanci ya rubuta, talakawan da yake yi domin su ba su ji.

Ya dawo bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Kunce ta ɗaure shi. A 1993 ya rasu a haɗarin mota, yana hanyar Yamai don karɓar kyautar Bubu Hama.